Inda ake liƙa ƙananan hitsink a GTX 1080 in an canza mata kula

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka cire kular (na'urar sanyaya) da katin hotonka GTX 1080 ya zo da ita, ka sayo Arctic Accelero Xtreme III, ga ƙananan hitsink (ƙarafan alminiyon masu janye zafi) cike da leda amma ba ka san inda kowanne zai zauna ba.

Kada ka fara da memori, ka fara da VRM. Sabuwar kular ba ta taɓa komai sai GPU, babban aisi (chip) da ke tsakiyar katin, alhali tsohuwar tana da faranti da ya kwanta a kan komai. Da ka cire shi, VRM, wato wurin da ke rage wutar bolt 12 zuwa kusan bolt 1, ya zama tsirara, kuma katin nan yana jan wat 180. Duba tsakanin GPU da wurin da ake soka wayar wuta, za ka ga manyan akwatuna masu kusurwa huɗu a jere. Waɗannan koyil ne, suna jure zafi, ba sa bukatar komai. Kusa da su akwai 'yan ƙananan baƙaƙen aisi, shafaffu, su ne MOSFET, su ne kuma masu ƙonewa. Da yawa suna liƙa wa koyil don su suka fi fitowa fili, su bar MOSFET haka nan. Shi ya sa GPU na nuna digiri 55 kacal, amma ana cikin wasa sai allo ya ɗauke. In ka rikice, juya tsohon farantin ka dubi inda aka shimfiɗa fad, wato shimfiɗa mai laushi da ke ratsa zafi. Duk abin da fad ya taɓa, ban da koyil, yana son hitsink.

Sannan memori: GDDR5X guda takwas kewaye da GPU, kowanne nasa.

Kafin ka buɗe gam, jera hitsink ɗin duka ba tare da liƙi ba, ka ɗora kular a kai ka leƙa ta gefe da fitilar waya. Memorin da ke ƙarƙashin bututun tagulla gajerun hitsink suke ɗauka. In ka sa dogo, zai tokare kular, ba za ta kwanta daidai a kan GPU ba, zafi ya haura 90 cikin minti ɗaya. Ka kuma tabbata babu wanda ya shiga hanyar ƙarfen da ake ɗaure kular da shi.

Gogewa ita ce rabin aikin. Tsohon fad yana barin maiƙon silikon, gam kuwa ba ya kama maiƙo. Goge da sinadarin isopropyl na kashi 90 ko sama, ka bi kan kowane memori da robar goge fensir har ƙyallin ya tafi, ka sake gogewa. Gam ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero, ka danna na daƙiƙa 30. Ajiye katin a kwance, hitsink suna kallon sama, ya kwana. Ka tuna a cikin kes kife yake, wanda bai kama ba zai faɗo cikin fanka ko kan madabod yana aiki.

Wurin MOSFET a yi hattara sosai. Akwai 'yan mitsi-mitsin kondansa da wasunsu sun kai aisin tsawo, alminiyon kuwa yana ɗaukar wuta. In gindin hitsink ya haɗa biyu, katin ya tafi. Rufe su tukuna da salatif na Kapton, mai jure zafi da ba ya ɗaukar wuta. Shi gam ɗin ma na dindindin ne, ɓamɓare shi da ƙarfi yana iya taso aisi daga fanel, wato allon katin, don haka in kana da niyyar sayar da katin da kularsa ta asali, nemi salatif mai ratsa zafi na 3M 8810, amma ga memori kawai.

Sukurori huɗun da ke riƙe kular ka ɗaure su a gicciye, rabin juyi rabin juyi, ka tsaya da ka ga fanel ya fara lanƙwasa. Ka kunna manhajar GPU-Z mai nuna zafin katin, ka yi wasa mai nauyi na minti 20, kes a buɗe, ka kashe ka taɓa hitsink ɗin VRM da bayan yatsa. In yana da zafi, yana aikinsa. In ka ji shi da sanyi, bai zauna a kan MOSFET ba, sai a sake.