Kafin ka saya wa tsofaffin kwamfutocin shago katin girafik

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da zane a Kano. Kwamfutocina huɗu, dukkansu Dell OptiPlex 790 na gwanjo, ƙananan nan da ake kwantarwa a kan tebur. Bara na sa musu SSD, na kai ram ɗin kowace giga 8. Yanzu suna tashi da wuri, amma Photoshop na daskarewa, a Chrome kuma allo kan yi baƙi ya dawo. Mai gyarana ya ce in saya wa kowace katin girafik, wato katin da ake ƙara wa kwamfuta don sarrafa hoto. Ga lokacin kalanda da katin biki ya matso. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, akwai gwajin da ko sisi ba zai ci maka ba.

Samfurin da ke shagonka na 2011 ne, kuma galibinsu firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-2400 ke ciki, tare da ɗan sashen hoto mai suna Intel HD Graphics 2000. SSD da ka sa ta gyara saurin ɗauko fayil, shi ya sa suke tashi da wuri. Sashen hoton kuwa yana nan yadda aka ƙera shi. Manhajojin yanzu kuma da kansu suke sauke wa firosesa kaya su ɗora wa wannan sashe, domin a sabuwar kwamfuta hakan ya fi sauri. A taka, an sauke wa ƙato kaya ne an ɗora wa yaro. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Intel ba ta taɓa fitar wa wannan sashe direban Windows 10 ba (direba shi ne manhajar da ke haɗa sashen da Windows), na zamanin Windows 7 da 8 ne ke lallaɓawa da shi. Baƙin allon da kake gani yawanci daga nan yake: direban ya sarƙe, Windows ta tashe shi, hoto ya dawo.

To ga gwajin. A kwamfuta ɗaya, shiga saitin Chrome, sashen System, ka kashe makunnin da aka rubuta "Use graphics acceleration when available", ka rufe ka sake buɗewa. A Photoshop ka je Preferences, sannan Performance, ka cire alamar "Use Graphics Processor". Ka bar sauran ukun yadda suke, yaranka su yi aikin kwana uku, sai ka kwatanta.

Amma ka sani ba kyauta ake samun wannan sauƙin ba. Kayan ya koma kan firosesa kacokan. Za ka ji fanka ta ɗaga murya in an buɗe bidiyo, jan hoto da zuƙo shi a Photoshop zai rage santsi, wasu 'yan kayan aiki kamar juya allon zane za su daina amsawa. A zafin Afrilu, da ƙurar hunturu da ta taru a ciki ba a kakkaɓe ba, firosesa in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Don haka a hure ƙurar, a canza man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta. Ni a ganina, shagon da ke buga takardun makaranta da katin biki gara masa kwamfuta mai tafiyar hawainiya da wadda za ta daskare kwastoma na tsaye, aikin awa guda bai shiga ajiya ba. Idan kuma CorelDRAW ne rabin aikinku, kamar yawancin shagunan zane, shi ƙarfin firosesa ya fi nema, kati ba zai canza masa abin a zo a gani ba.

Ka kuma sa mai gyara ya buɗe ya duba ram ɗin. Sashen hoton ba shi da rumbun kansa, daga ram yake ɗiba. Sanda biyu masu giga 4 a ramukan da suka dace sun fi masa sanda ɗaya mai giga 8, domin hanya biyu yake samu.

Yanzu batun sayen. Ƙaramin akwatin nan wutar cikinsa wat 240 ce kawai, kuma gajeren kati kaɗai ke shiga. Kusan biyu za a nuna maka a kasuwa. GT 710 ya fi araha, amma ba na ba ka shawararsa, tsohon ƙira ne kuma Nvidia ta daina sabunta masa direba. GT 1030, na 2017, yana jan wat 30, yana da direban Windows 10, yana kuma iya warware irin bidiyon VP9 da YouTube ke yawan aikowa, wanda sashen Intel ɗinka bai sani ba. Sai dai iri biyu ne da suna ɗaya, bambancinsu irin ram ɗin da ke kan katin: mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi ƙasa sosai a gudu. Karanta kwalin da idonka. Sannan leƙa bayan allunanka. In shuɗin kebul ɗin nan na VGA mai kusoshi biyu kake amfani da shi, galibin katunan GT 1030 ba su da raminsa, sai ka ƙara kuɗin adafta. Masu sayarwa ba sa faɗin wannan sai ka dawo.

Lissafin da ya fi damuna shi ne shekarun da suka rage wa injinan. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman firosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama, taka ƙarni na 2 ce. Kati huɗu kuɗi ne da za ka binne a injin da hanyarsa ta kusa ƙarewa, in ka tashi sayarwa kuma ba wanda zai biya ka kuɗin katin cikakke.

Abin da zan yi in ni ne: bayan gwajin, in har kwamfutar da ake Photoshop a kanta ta kasa, ita kaɗai zan sa wa GT 1030, da sharaɗin a gwada a gabana kafin in biya. Sauran ukun su ci gaba da buga rubutu da makunnin a kashe. Kafin ka fita, tambayi farashin kati huɗu, ka tambayi na kwamfutar gwanjo mai ƙarni na 8, ka rubuta su gefe da gefe. Ribar kalandar bana ita za ka ware wa wannan sabuwar.