Kwikwiyona yana ruɗewa duk bayan ya ci nama

Tambaya: Likita, ina da kwikwiyo irin karen 'yan sanda, watansa biyar, amma 'yan'uwansa sun ninka shi girma. Da ya ci nama sai ya hau zagaye, yana dalalar da miyau, ya je ya tokare kansa da bango. Kafin safe ya warware. Maƙwabta na cewa haukan kare ne. Daga wani mai karatu a Bukuru, Jos.

Amsa: Malam, haukan kare ba ya zuwa ya tafi. In alamunsa suka bayyana, da wuya kare ya wuce kwana 10. Duk da haka a duba katin rigakafinsa, a kuma raba shi da yara tukuna.

Ni hanta nake zargi, kuma da ciwon aka haife shi. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya biya ta hanta an tace shi kafin ya zaga jiki. Kwikwiyo yana cikin uwarsa, akwai wata jijiya da ke tsallake hantar, tunda ta uwa ke masa aikin. Kwanaki kaɗan bayan haihuwa take toshewa. A wasu manyan karnuka irin naka sai ta ƙi toshewa a can cikin hantar, a ƙanana kuwa yawanci wata ɓatacciyar jijiya ce a wajen hantar. Sai amoniya, wata guba da ke fitowa daga narkewar nama, ta wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa abin ke biyo bayan kwanon abinci. Hantar ma da ba ta samun jini sai ta tsumbure, karen ya tsumbure tare da ita. Sau da yawa ana ta ɗirka wa irin waɗannan maganin tsutsa a banza.

Ka kai shi asibitin dabbobi, ga Vom ma, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take, kusa da kai. A auna sinadarin madaciya a jininsa kafin ya ci abinci da kuma awa 2 bayan ya ci, a yi hoton ciki, a duba fitsari saboda tsakuwa.

Kafin nan ka janye nama da kayan ciki. Ba shi shinkafa da awara ko kindirmo, kaɗan-kaɗan, sau huɗu a rana. Likita zai iya rubuta laktulos, maganin da ke rage amoniya a hanji, da maganin kashe ƙwayoyin cutar hanji. Farasitamol kuwa kada ka kuskura.

Waraka tana ga tiyata, inda ake matse jijiyar a hankali cikin makonni, saboda ɗaure ta lokaci guda na iya kisa. Ta cikin hanta ta fi wuyar aiki, don haka ka tambayi likitan ko ya taɓa yi. Ko ya warke, kada a sa shi barbara, ana gadon abin.