Fatawa: Yaro ya samu sauƙin ciwon hanji na Crohn, ko iyaye za su iya dakatar da maganinsa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina da yaro ɗan shekara 11. Shekara uku da suka wuce likitoci suka tabbatar yana da ciwon hanji da ake kira Crohn, bayan mun sha yawo, wannan ya ce taifot, wancan ya ce basir. Aka ɗora shi a kan ƙwaya kullum, da wani magani da ake sa masa ta ƙarin ruwa duk bayan sati takwas. Alhamdu lillahi kusan shekara biyu ke nan ba gudawa, ba jini, ba murɗar ciki, yana cin tuwonsa yana buga ƙwallonsa. Babansa ya ce a daina maganin, tunda Allah ya ba shi lafiya ci gaba da shi ƙarancin tawakkali ne, ga kuɗin ya yi mana nauyi. Kakarsa kuma tana tsoron zai lalata masa hanta. Likita ya ce kada a daina. Malam, na rasa inda zan sa kaina. Shin akwai laifi a kanmu idan muka dakatar?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tabbatar wa yaron nan da lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuka sha.

'Yar uwa, bai halatta ku dakatar da wannan magani da ra'ayin kanku ba, matuƙar ƙwararren likitan da ke duba shi ya ce akwai haɗari a dainawar. Idan kuwa likitan ne, bayan gwaje-gwaje, ya ga a rage ko a dakatar yana bibiyar yaron, babu laifi a kanku ko kaɗan.

Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara da sanin ciwon. Crohn kumburi ne da gyambo a cikin hanji, yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ya fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Sunan wani likita ne a Amurka, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninsa a 1932. Har yau likitoci ba su da maganin da ke tumɓuke shi, abin da ke hannunsu shi ne mai kwantar da shi. Ɗabi'arsa ce ya lafa ya taso. Wannan ne wurin da iyaye da yawa ke ruɗuwa: sun ga gudawa ta tsaya, kumatu sun dawo, sai su ce an warke. Alhali garwashi ne toka ta rufe. Hanji yana iya kasancewa da kumburi yaro bai ji komai ba, shi ya sa likita ba ya wadatuwa da “lafiya lau” da yaro zai ce masa, sai ya auna jini, ya auna bayan gida, wani lokaci ya zura kyamara ya ga bangon hanjin da idonsa. Kuma lafiyar nan da kuke gani ta shekara biyu, a kan magani aka same ta, ba ku gwada ta babu shi ba.

A wani bincike da aka yi a Faransa da Beljiyam, aka buga a 2012, an dakatar da maganin ƙarin ruwa mai suna infliximab ga manya 115 da ciwonsu ya lafa, suka ci gaba da ƙwaya kaɗai. Cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa kimanin kashi 44 cikin 100. Mafi yawansu sun sake samun sauƙi da aka mayar da su kan maganin, domin suna ƙarƙashin idon likita, ana kama abin da wuri. Waɗannan manya ne da suka gama girma. Yaro ɗan shekara 11 yana bakin balaga, lokacin da ƙashi ke miƙewa. Idan ciwon ya taso masa a wannan tsakani yana iya tsayar masa da tsawo, ya jinkirta balagarsa, kuma shekarun girma idan sun wuce ba a dawo da su. Ban da toshewar hanji, ko ƙurji, ko wata ƙofa da kan ɓulle kusa da dubura tana yoyon mugunya, abin da kan kai ga tiyata.

To, a shari'a asalin neman magani abin so ne. Usama bin Sharik ya ruwaito cewa ƙauyawa sun tambayi Annabi (SAW) ko su yi magani, ya ce su yi, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi sun fitar da shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na bakwai a Jidda cikin 1412 Hijiriyya, daidai da 1992, ta fayyace cewa hukuncin yana canzawa da hali: magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko asarar wata gaɓa, ko naƙasa, yana zama mustahabbi idan barinsa rauni kawai zai jawo. A wannan matsayar ta ƙara da cewa ba a la'akari da ƙin amincewar waliyyi idan cutarwar da za ta samu wanda yake ƙarƙashinsa a fili take.

Wani zai kawo hadisin matar nan mai farfaɗiya, a Bukhari da Muslim, wadda Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko ya yi mata addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri. Hadisi ne ingantacce. Amma baliga ce mai hankali, ta zaɓa wa jikinta. Uba ba shi da ikon zaɓa wa ƙaramin yaro haƙuri da ciwon da akwai hanyar tare shi, domin jikin ba nasa ba ne, amana ce a hannunsa. Ƙa'idar malamai ita ce duk abin da waliyyi zai yi a kan wanda yake riƙo a rataye yake da maslahar wanda ake riƙon. Annabi (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne a kan kiwonsa. Ya kuma ce babu cuta babu cutarwa.

Maganar tawakkali kuwa, na fahimci zuciyar maigidanki, kuma ban ɗauke shi mai sakaci ba. Mutumin da ya shekara uku yana biyan kuɗin nan, yana kallon ana neman jijiya a hannun ɗansa duk bayan wata biyu, dole ya so a ce abin ya ƙare. Sai dai tawakkali aikin zuciya ne, ba ya korar riƙo da sababi. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Allah ne ya ba yaronku sauƙi, babu shakka, kuma ta wannan ƙofar ya ba shi.

Tsoron kaka ba shirme ba ne. Ƙwaya irin azathioprine tana iya taɓa hanta, tana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, magungunan ƙarin ruwan kuma suna rage garkuwar jiki, shi ya sa ake gwajin tarin fuka kafin a fara su, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a ƙasashenmu. Dalilin awon jini a kai a kai ke nan. Idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar ƙaramar don a kauce wa babbar, amma wa zai auna wacce ce babba ga wannan yaro? Ni dai ba aikina ba ne, ba kuma na kaka ba ne. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 43, ku tambayi ma'abota sani in kun kasance ba ku sani ba. Idan hankalinku bai kwanta da likita ɗaya ba, ku nemi ra'ayin wani ƙwararren a fannin hanjin yara, wannan haƙƙinku ne.

Batun kuɗi hukuncinsa daban ne. Wanda ya gaza ba ɗaya yake da wanda ya bari da gangan ba, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne tsallake ranar ƙarin ruwa a ɓoye, a je wannan karon a fasa na gaba. Irin wannan yankewa da komawa kan sa jiki ya ƙirƙiri abin da zai yaƙi maganin, ranar da aka dawo ana buƙatarsa ya ƙi aiki ko jiki ya ƙi karɓarsa. Ku faɗa wa likita gaskiyar aljihunku ba tare da jin kunya ba, wataƙila akwai makamancin maganin mai rangwame, ko wani tsari da zai sauƙaƙa. Idan kun kai ga gazawa, ya halatta ku karɓi zakka don wannan jinya, dangi masu hali kuma su sani cewa sadakarsu a nan lada biyu ce, na sadaka da na zumunci. Ruƙya da addu'a ku dage da su. Duk wani jiƙo ko gari da za a kawo muku, a nuna wa likita kafin yaro ya sha, haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis, domin suna iya tayar da ciwon.

Tsakaninki da maigidanki, kada abin ya zama jayayya a gaban yaro, kada kuma ki yi wani abu a bayan idonsa. A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya rataya yaye jariri kafin shekara biyu a kan yardar uwa da uba da shawara tsakaninsu. Idan cire yaro daga nono yana buƙatar haka, ina ga cire shi daga maganin da ke tsare masa hanji? Ki roƙe shi cikin ladabi ya raka ku asibiti a zuwa na gaba, ya zauna da likita da kansa, ya tambaye shi: me gwajin ƙarshe ya nuna, yaushe za a iya tunanin ragewa, kuma wace alama za mu gani mu garzayo? Idan ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Kafin nan a ci gaba da ba yaron maganinsa a kan lokaci.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya yalwata muku arziki. Wallahu a'alam.