Ofishin lauyoyin da ke cewa ba su taɓa faɗuwa a kotu ba

Malam, Allah ya kawo wa ƙaninka mafita. Ka ce ana tuhumarsa da cin amanar kuɗin maigidansa a Sabon Gari, kuma wani ofishin lauyoyi ya shaida maka cewa ba su taɓa faɗuwa a shari'a ba, suka nemi rabin kuɗi yanzu, sauran kuma sai ranar da aka wanke shi, shi ne kake tambaya ko ka amince da su. Na daɗe ina aikin magatakarda a ofishin lauyoyi a nan Zariya, ina ɗaukar fayil tsakanin kotun majistare ta Chediya da Babbar Kotu ta Dogarawa, kuma shawarata ita ce ka dakata tukuna.

Maganganun biyu duka sun saɓa wa ƙa'idojin aikin lauya na Najeriya. An hana lauya tallata kansa da yawan nasarorin da ya samu, an kuma hana shi ɗaura kuɗin aikinsa a kan sakamakon shari'a idan yana kare wanda ake tuhuma da laifi. Hukunci a hannun alƙali yake, saboda haka wanda ya yi maka alƙawarin sakamako, ko dai yana sayar maka da abin da bai mallaka ba, ko kuwa yana nuni da wata hanya ta bayan fage wadda za ta iya jefa ku cikin sabuwar tuhuma.

Abin da ya fi muhimmanci ka gane shi ne, abin da ofisoshi ke ƙirgawa a matsayin nasara ba iri ɗaya ba ne. Akwai a sallami mutum a kuma wanke shi bayan an saurari shaidu, wanda sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin. Akwai kuma a kori ƙara saboda mai gabatar da ƙara ya yi ta neman ɗage zama bai kawo shaida ba. A wannan na biyun mutum zai koma gida, dangi su yi murna, amma ana iya sake kama shi a kan maganar, kuma na ga iyalan da ba a bayyana musu wannan bambanci ba sai da 'yan sanda suka sake sallama a ƙofar gida. Wani lokacin lauya kan roƙi kotu ta sallami wanda yake karewa da zarar masu ƙara sun gama kawo shaidunsu, bisa hujjar cewa ba su kafa abin da zai sa ya kare kansa ba. Wannan aiki ne na gwaninta, domin daga tambayoyin da ya yi wa shaidun ake gina shi. Sannan akwai sulhu, wanda a irin tuhumar ƙaninka shi ne sau da yawa ya fi amfani: kotu ta ba da dama a zauna, a mayar da kuɗi ko a tsara biya, mai ƙara ya janye. Lauyan da ke tsoron ɓata lissafin nasarorinsa yakan guji ƙara mai wuya, ko ya ja ta da tsawo, alhali mai gaskiya zai gaya maka tun farko idan shaidar da ke kan ɗan'uwanka tana da ƙarfi.

A ganina, rabin shari'a a makon farko ake yin ta, ba a gaban alƙali ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, ya kuma wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin Zariya babu wani uzuri a kansa. Mafi yawan waɗanda na ga an ɗaure, bayanin da suka sa wa hannu a ofishin 'yan sanda ne ya ɗaure su. Dokar Shaida ta 2011 ta hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa, amma dole lauya ya yi suka a daidai lokacin da aka miƙa takardar, domin idan ya bari ta shiga, cire ta yana da wuya ƙwarai. Don haka ka tambaye su ko sun karanta takardar tuhumar da bayanin da ƙaninka ya bayar, ko sun je sun gan shi da kansu (idan an tsare shi a gidan gyaran hali na Ƙofar Doka, zuwa can ba tafiya ba ce), da kuma ranar da za su nemi beli da irin mutanen da ya kamata ku tanada su tsaya masa. Ka tambayi sunan lauyan da zai riƙa tsayawa a kotu, saboda babba kan karɓi kuɗi ya turo wanda bai buɗe fayil ɗin ba.

Batun kuɗi, a rubuta yarjejeniya, a fayyace ko ta haɗa da neman beli da kuɗin zuwa kowane zama, a ba ka rasit. Ɗaukaka ƙara aiki ne daban da kuɗinsa daban, kuma yana da wa'adi: daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna kwana 90 ne a shari'ar laifi. Ka duba hatimin ƙungiyar lauyoyi mai ɗauke da sunan lauyan a kan takardun da ya shigar, kana iya kuma tambaya a reshen ƙungiyar na Zariya. Idan kuɗin ya fi ƙarfinku, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana kare marasa hali kyauta, haka nan tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana da sashen ba da shawara ga jama'a. Kafin nan, a gaya wa ƙaninka kada ya ƙara sa hannu a wata takarda sai lauya na wurin.