Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta cika, mai gyara ya ce sai an share komai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a Jami'ar Marwa, ina cikin rubuta kundin kammala karatu. Kwamfutar da nake aiki da ita ta hannu ce, yayana ya sayo mini ita a Kuseri, ma'ajinta GB 128. Yanzu layin da ke ƙarƙashin faifan C ya koma ja, tana nauyi, wani lokaci ma Word ya ƙi adana abin da na rubuta. Na goge tsofaffin takardun darasi masu yawa, ban ga wani canji ba. Mai gyara a kasuwa ya ce in kawo a yi mata fomat. Amma a cikinta akwai kundina, da hotunan mahaifinmu Allah ya ji ƙansa, da bidiyon bikin yayata. Ba ni da kuɗin sayen sabuwa. Yaya zan yi?

Ƙanwarka, daga Marwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa ki kammala karatu lafiya.

Kada ki kai ta fomat. Kwamfutarki ba ta lalace ba, cika ta yi, kuma fomat zai share kundin da hotunan tare da sharar, bayan wata shida ta sake cika tunda ba a gano abin da ya cika ta ba. Kafin ki taɓa komai, yau ɗin nan, ki aika wa kanki kundin ta imel. Word da ke ƙin adana aiki a faifan da ya cika abin tsoro ne, domin a irin wannan hali fayil kan iya lalacewa. Kundi bai fi 'yan MB ba, ko da ɗan guntun data za ki aika shi.

Dalilin da ya sa ba ki ga canji ba kuwa shi ne takardu ba su da nauyi. Takardar Word mai rubutu zalla sau da yawa ba ta kai MB 1 ba, alhali GB 1 ya kai MB 1000. Bidiyon waya mai kyan hoto kuwa, minti ɗaya kacal yakan ci daga MB 60 zuwa sama da 100. Ashe bidiyon kamu na minti 10 ya fi takardun darasinki na shekara uku nauyi. Kin yi kamar mai neman wuri a ɗaki, ta kwashe cokula ta bar buhunan gero. Ƙari a kan haka, abin da kika goge bai bar faifan ba tukuna, yana nan zaune a Corbeille, wato kwandon shara na kwamfuta, yana cin wurinsa har sai kin zubar da ita.

Ki kuma sani cewa GB 128 ɗin ba duka ne naki ba. Masu ƙera faifai suna lissafi da 1000, Windows kuma da 1024, shi ya sa za ki ga ta nuna wajen GB 119. Daga ciki Windows da manhajojin da ke kanta sukan kwashe GB 30 ko fiye. Abin da ya rage miki bai kai yadda kike zato ba.

To, a fara da dubawa. Zan kira sunayen da Faransanci tunda yawancin kwamfutocinmu na nan da shi suke. Ki danna maɓallin Windows tare da harafin I, ki shiga Système, sannan Stockage. Ki ba ta ɗan lokaci, za ta jera miki abin da manhajoji suka ci, da na bidiyo, da na hotuna, da na Fichiers temporaires. Wannan na ƙarshen za ki fara buɗewa. A ciki akwai ragowar sabunta Windows, da Corbeille, da tarkacen da manhajoji suka bari, duka ana goge su ba tare da wata illa ba. In kin ga layin da ke maganar tsohuwar Windows da aka sauya, wato foldar Windows.old, shi kaɗai yana iya mayar miki da GB 10 ko fiye. Windows kan ajiye ta kwana 10 domin wanda yake son komawa tsohuwar, bayan haka ba ta da amfani.

A wannan shafin akwai wurin da nake so ki buɗe ido sosai. Cikin jerin akwai layin Téléchargements. Kada ki sa masa alama. Duk abin da kika taɓa saukewa daga intanet ko daga imel yana can, kuma na san ɗalibai da yawa a nan suke barin littattafansu, har da gyaran da malami mai duba kundi ya turo musu. Na ga hawaye a kan wannan layin. Ki buɗe foldar da hannunki, ki jera fayilolin bisa Taille, wato girma, manya a sama, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ki tarar da fayilolin girka manhajojin da kika riga kika girka, da littafi guda da aka sauke sau uku, da zip ɗin da aka riga aka buɗe. Waɗannan su tafi.

Bayan haka sai manyan. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su WinDirStat da TreeSize Free, nauyinsu 'yan MB ne, suna bin faifan gaba ɗaya su nuna wace folda ce ta fi ci. Ki sauke ɗaya daga shafin masu ita, kada ki karɓa a filashin wani. A abin da nake gani a kwamfutocin ɗalibanmu, kusan kullum amsar ɗaya ce: finafinai masu dogon zango da aka turo daga wayar ƙawa, da foldar waya da aka kwafe gaba ɗaya a lokacin da wayar ta cika, aka sake kwafe ta bayan 'yan watanni ba a goge ta farko ba. Ki tambayi kanki a kan kowane babban fayil: in ya ɓace, zan sake samunsa? Fim za ki samu a wurin mai turawa gobe. Hoton Baba babu inda za ki samo shi. Da wannan tambayar za ki raba abin gogewa da abin adanawa.

Tunda kwamfutar ta hannu ce, ki shiga Applications ki jera su bisa girma. Mai ita na farko ya iya barin wasanni ko manhajojin zane masu GB da yawa waɗanda ba ki taɓa buɗewa ba. Ki cire su ta Désinstaller. Wadda ba ki gane sunanta ba, musamman mai ɗauke da sunan Microsoft, Intel ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ki ƙyale ta. Ki kuma leƙa Ce PC ki gani ko akwai faifan D. Masu gyara da yawa sukan raba faifai biyu, sai C ya cika maƙil D yana zaune babu komai. In haka ne, ki mayar da bidiyo da hotuna can, matsalar ta ragu da rabi.

Foldar Windows da ke cikin C kuwa, kada hannunki ya kai can, komai girman abin da kika gani. Haka fayil ɗin pagefile.sys. Akwai wani mai suna hiberfil.sys da za ki ji ana cewa a kashe shi a samu wuri. Gaskiya ne yana da girma, yakan kai wajen kashi 40 cikin 100 na RAM, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, wato kusan GB 3 a kwamfuta mai RAM GB 8. Amma ni ban yarda ki kashe shi ba. Shi ne yake riƙe aikin da ke buɗe idan batir ya kusa mutuwa. A inda wuta ba ta yankewa ana iya haƙura da shi. Mu da ake ɗauke mana wuta a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, ga batirin kwamfutar hannu da bai cika riƙe caji ba, GB 3 bai kai darajar babi guda na kundinki ba. Manhajojin da ke alkawarin tsabtace kwamfuta da dannawa ɗaya ma ba ki bukatarsu, abin da ke cikin Windows ya isa.

Saura hotuna da bidiyon biki, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Sukan sayi filashi ko faifan waje, su kwashe komai su zuba, su goge na kwamfuta, su ce sun adana. Abin da yake wuri ɗaya bai adanu ba, an dai sauya masa mazauni. Filashi yana ɓata, faifan waje in ya faɗi daga kan tebur yana iya mutuwa nan take. Hotunan Baba su zauna a wuri biyu aƙalla. Google yana ba kowane mai Gmail GB 15 kyauta, wanda imel da Drive da hotuna suke rabawa, OneDrive kuma GB 5. Hoton waya bai cika wuce MB 2 zuwa 5 ba, saboda haka hotuna 300 za su tsaya a wajen GB 1. Ki ɗora su kaɗan kaɗan duk lokacin da kika samu data mai rangwame ko wifi. Bidiyon biki ya yi wa data nauyi, shi ki sa shi a faifan waje, ki kuma ba yayarki kwafi ta ajiye a gidanta.

Wurin kwashewa ki yi Copier, wato kwafi, ba Couper mai cire fayil daga inda yake ba. Idan ya gama, ki buɗe bidiyon daga sabon wurin, ki ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe ki ga yana tafiya, sannan ki goge na kwamfuta. Na nanata wannan ne saboda filashin jabu ya yi yawa a kasuwanninmu. Za ki ga an rubuta GB 64 ko 128 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai wuce GB 8 ba. Zai karɓi fayiloli, sunayensu su bayyana, ranar da kika zo buɗewa ki tarar sun lalace. In farashin ya yi araha fiye da kima, ki bar shi.

Idan kin gama, ki yi ƙoƙari kullum a samu GB 15 zuwa 20 babu komai a C, domin Windows tana bukatar sarari wajen sabunta kanta da gudanar da aiki. Ki kunna Assistant de stockage a shafin Stockage ɗin nan, zai riƙa share tarkace da kansa, yana zubar da abin da ya wuce kwana 30 a Corbeille. Ki dai tabbata zaɓin Téléchargements a cikinsa yana kan Jamais, wato kada ya taɓa share shi.

In bayan duk wannan wurin bai ishe ki ba, a yawancin kwamfutoci ana iya cire faifan a sa sabon faifai irin na SSD mai GB 256 ko 512, kuma ya fi sayen wata kwamfutar sauƙi nesa ba kusa ba. Ki bari sai kin kāre kundinki a gaban malamai tukuna. Ranar da za a yi, ki kwafe kayanki kafin ki fita daga gida, ki zauna a shagon a yi a gabanki, ki kuma karɓi tsohon faifan ki taho da shi, domin duk hotunanku na gida suna cikinsa.