Injin Casar Shinkafa ko Asusun Ikkilisiya?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Zuru, sana'ata sayen shanshera daga manoma, kuma na tara kuɗin da zai ishe ni kafa ƙaramin injin casa. Wani dattijo a ikkilisiyarmu ya ce gara in zuba kuɗin a asusun gwauraye da marayu, domin a cewarsa kasuwa riba kawai ta sani. Ƙanena kuwa ya ce wanda ya ba mutum aiki ya fi wanda ya ba shi sadaka. Maganar wa zan bi?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka kafa injinka, amma kada ka yi watsi da maganar dattijon, domin akwai inda ya fi ƙanenka gaskiya.

Ka dubi abin da shinkafa ta yi wa Jihar Kebbi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, manomin fadama ya samu mai sayen amfaninsa, kuma 'yan dako da direbobi da mata masu turara shinkafa duk sun samu abin yi. Babu asusun ikkilisiya ko na masallaci da zai iya ciyar da wannan taron jama'a kowace rana, domin baikon da ake tarawa ran Lahadi, da zakkar da Musulmi ke fitarwa, kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar da ta shekara, daga gona da kasuwa suke fitowa. Idan ka juye jarinka gaba ɗaya a asusu, marayu za su ci bana, baɗi kuwa kai ma ba ka da abin bayarwa. Manzo Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi don kada ya zama kaya ga kowa, rijiyar Ruma da ta zama waƙafi a Madina kuwa attajiri ne ya saye ta, wato Sayyidina Usman.

Sai dai kasuwa ba ta ganin wanda hannunsa ba kuɗi. A shekarun 1930, lokacin da mishan na SIM suka fara kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, babu ɗan kasuwar da zai ɗauki wannan aiki, saboda ba riba a cikinsa, kuma mutane gudun majinyatan suke yi. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya fi wannan tayar da hankali. Zinariya ta yi tsada, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa daka duwatsun ma'adinai a cikin gidajensu, ƙurar dalma ta shiga jikin yara, fiye da 400 suka mutu. Masu sayen zinariyar ba su ne suka zo da magani ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta zo, wadda ba ta addini ba ce, amma da kuɗin masu bayarwa take aiki, kamar yadda asusunku yake.

Wannan labari ne ya sa nake ganin babban aikin ikkilisiya a rayuwarka ya wuce karɓar kuɗi daga hannunka. Ita ce ya kamata ta tambaye ka ko mudunka cikakke ne, ko kana biyan leburori kafin su tashi aiki, ko kana ɓoye shinkafa a rumbu sai damina ta tsananta ka fito da ita. Abin takaici ne cewa wasu wuraren ibada, masallatai da ikkilisiyoyi, suna yi wa mai babban baiko shiru a kan irin waɗannan tambayoyi.

Saboda haka ka koma wurin dattijon da girmamawa, ka ce masa, Baba, ga abin da zan iya. Ku yanke wani kaso na ribar kowane wata wanda zai shiga asusun, a rubuta shi a gaban shaidu biyu, sa'an nan ka nemi ya kawo maka sunayen gwaurayen da ke da ƙarfin aiki, ka fara da su idan ka tashi ɗaukar masu turara da masu sheƙa.