Dayatonik ko kuromatik: wace harmonika zan fara saya?

Tambaya: Ina son koyon busa harmonika, ƙaramin abin busan nan mai jerin ramuka da ake hurawa da zuƙa da baki. Na ga iri biyu, wata an ce dayatonik, wata kuromatik mai maɓalli a gefe. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗauki dayatonik mai ramuka 10, wadda aka buga wa harafin C a jiki. Yawancin darussan masu farawa da ita ake koyarwa.

Ka san do, re, mi, fa, so, la, ti, sai a koma do na sama? To, wannan jeri na muryoyi 7 shi ake ce wa dayatonik. Tazarar da ke tsakaninsu ba iri ɗaya ba ce: cikakken taku sau 5, rabin taku sau 2, wato daga mi zuwa fa, da kuma daga ti zuwa do. In ka samu piyano, bi fararen maɓallan daga C, wato do, zuwa C na gaba. Za ka ga babu baƙin maɓalli tsakanin E da F (mi da fa), haka ma tsakanin B da C (ti da do). Nan ne rabin takun yake. Da an haɗa baƙaƙen nan 5, muryoyi sun cika 12, ya zama kuromatik.

Abin da ya sa nake son ƙaramar harmonikar ga ɗan koyo shi ne jerin nan gaba ɗaya yana tsakanin rami na 4 da na 7. Hura na 4, do ke nan. Zuƙa shi, re. Na 5 ya ba ka mi da fa, na 6 so da la. A na 7 ne abin ke juyawa, sai ka fara zuƙa ka samu ti, sannan ka hura do. Nan masu farawa suka fi yin tuntuɓe, ka riƙa maimaita shi a hankali.

Tana da iyaka fa. Waƙar da ke kan wani mabuɗi dabam, wato wadda do ɗinta ba C ba ne, kan nemi wata harmonikar, shi ya sa mabusan kiɗan bulus (blues) na Amurka ke yawo da su da yawa, suna kuma lanƙwasa sauti da harshe don cike giɓin muryoyin da babu. Kuromatik kuwa, da ka danna maɓallinta kowace murya ta hau da rabin taku. In kiɗan jaz kake hari, ita za ka saya daga baya.

Tambaya: Abin kaɗawa na ƙarafa 8 da ake yi wa yara, zai ishi 'yata?

Amsa: Zai ishe ta, Malama, dayatonik ne daga do zuwa do. Kafin ki biya, kaɗa na farko da na ƙarshe tare. In suka yi karo a kunne, ba a daidaita shi ba, nemi wani.